Ruwa ya rufe makaranta, yara uku sun rasa abin yi a gida

Tambaya: Malama, barka da aiki. Daga Kusiri nake, a arewacin Kamaru. Ruwan kogin Logon ya shiga unguwarmu, ajujuwan da suka tsira kuma an saukar da waɗanda gidajensu suka rushe a ciki. Yau mako uku ke nan babu makaranta. Babbar 'yata tana CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, bana za ta rubuta CEP, jarrabawar gama firamare, mai bi mata yana CE1, wato aji uku, sai auta ɗan shekara huɗu. Ni allo kawai na yi, ba na jin Faransanci, babansu kuma sai dare yake shigowa. Wuni suke yi suna faɗa, da na juya baya sun sulale bakin ruwa. Yaya zan yi da su?

Amsa: Allah ya kiyaye gaba, 'yar'uwa, ya mayar muku da alheri. Na san hankalinki ya fi tafiya kan babbar saboda jarrabawa. Ni kuwa na tsakiyan nan ne ya fi tsaya mini a rai.

A shekarar 2020 an rufe makarantun Kamaru ranar 18 ga Maris saboda korona. 'Yan ajin jarrabawa sun koma 1 ga Yuni, ƙanana kuwa sai Oktoba. CE2, wato aji huɗu, nake koyarwa a lokacin, kuma yaran da aka turo mini da sunan sun gama CE1, da yawansu sai da na mayar da su haɗa baƙi da wasali. Lissafi bai gudu sosai ba, don yaron da ake aike kanti kullum yana ƙirga canji. Faransancin ne ya gudu. Ɗanki Hausa yake ji a gida, Larabci a kasuwa, Faransanci kuwa a aji kaɗai yake haɗuwa da shi. Ranar da aka rufe aji, ranar kunnensa ya daina jin harshen. An sa darussa a CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, a wancan lokacin, amma gidan da babu wuta ai labari kawai ya ji.

Saboda haka kowace safiya, da an gama karin kumallo, kafin rana ta yi zafi, a shimfiɗa tabarma wuri guda. Ya ɗauko littafin karatunsa na aji ya karanta da ƙarfi, minti ashirin, yayarsa na gefe tana gyara masa. Ke kuma ki zauna, ko da tsintar shinkafa kike yi. Kada ki ce ba ki da abin cewa. Wadda ta yi allo ta san bambancin mai bin baƙi da mai zuba hadda yana kallon sama. Ki ɗora yatsa a tsakiyar shafi ki ce masa fara daga nan. In ya yi turus, hadda yake yi miki, a koma baya. In ya kai ƙarshe, ya ba ki labarin da Hausa: wa ya yi me, a ina? Wannan tambayar ta fi kowace bulala tona asirin wanda bai gane ba.

Daga nan yayar ta yi masa dikte, wato shifta, layi huɗu ko biyar, ta duba da littafin a buɗe. Ita ma ribarta ce, don dikte na jiranta a CEP, kuma mai gyara wa wani harafi ba ta saurin manta shi. Sharaɗi ɗaya: babu duka. Yayye mata in suka samu sarautar aji sun fi mu malamai zafin hannu.

Nata aikin kuwa, babansu ya nemi malaminta a waya, ya roƙi tsofaffin tambayoyin jarrabawa ko da hoto ne ta WhatsApp. In akwai ɗan sakandare a maƙwabta da shi ma yake zaune, ku haɗa yara biyar ko shida ya riƙa duba su bayan la'asar, ku ɗan ba shi na sabulu.

Lissafi a bar shi cikin cefane. Ki ba ɗan CE1 sefa 1,000, ya rubuta abin da zai sayo, ya faɗi canjin kafin ya fita. Auta a ba shi marafan kwalba ya ƙirga, ya ware jajaye da shuɗɗa, da dare ki yi musu tatsuniya, ki tsaya a tsakiya ki ce su ƙarasa.

Maganar bakin ruwa kuwa babu lallashi a ciki. Ruwan ambaliya ya bi ta masai kafin ya iso ƙofarku, yana ɗauke da kwalara, ruwan da ya kwanta yana kawo tsargiya, kuma ramin da kowa ya sani jiya yau ba a ganinsa. Lokacin da suka fi sulalewa, ki cika shi da aikin da za a tambaye su in babansu ya dawo: wanke kwanuka, ban ruwan akuya, sharar zaure. Su wanke hannu da sabulu duk shigowa.

Littattafan kuma yau ɗin nan ki ƙulle su cikin leda biyu, ki rataye a ƙusa can sama. Na sha ganin yaro ya dawo aji da littafin da shafukansa suka manne kamar waina.