Kaset ɗin tafsiri, faifan garmaho da fayil ɗin MP3: amsoshin wannan mako

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar kwali guda na kaset, yawanci tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da ya ɗauka daga Rediyon Kaduna. Ina kunnawa ina kara waya a bakin sifika, in na gama in zubar da su. Hakan ya yi? Mai karatu daga Tudun Wada.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Amma ɗan'uwa, bai yi ba, kuma wannan ɗabi'a tana ci mini rai ƙwarai. Wayarka tana kwashe ƙarar fanka, da hon ɗin masu Keke, da kukan akuyar maƙwabta, sannan ka zubar da asalin? Sheikh Gumi ya rasu a 1992. In tun yana raye aka ɗauka, zaren nan ya haura shekara 30, wani ma kunnawa ɗaya ta rage masa. Kada a ɓata ta a banza.

Fara da karya 'yan haƙoran nan biyu na saman kowane kaset, don ko ka danna maɓallin ɗaukar murya bisa kuskure ba zai goge ba. Duba ta tagar kaset: in ka ga fari-farin funfuna irin ta laimar damina, ware shi, domin zai ɓata hed, wato ɗan ƙarfen rikoda da ke karanta zare, ya shafa wa sauran. Juya zaren da biro ka ji ko ya manne. Ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiya, in ya faɗi, murya za ta dushe. A maido shi da ɗigon gam. Goge hed da tayar robar da ke jan zare da auduga da sifirit. Murya tana rawa? Bel ɗin rikoda ya saki, a canza. Kuma ka gwada rikodar da kaset marar amfani tukuna, kada ta tauna maka mai daraja.

Sai kebul daga ramin iyafis na rikoda zuwa ƙaramin akwatin sauti na USB mai ramin shigar da sauti (line-in), shi kuma a jona shi da laftof. Ramin makirufo na laftof yana fasa murya. Ni manhajar ɗaukar sauti ta Audacity nake so, kyauta ce. A cikinta saita ingancin ɗauka a 44,100 Hz, bit 24 in na'urarka ta iya, ƙarfin sauti kada ya wuce -6 a ma'auninta. Ajiye a WAV, nau'in fayil da ba ya yanke komai daga sauti. A bit 16, minti ɗaya kusan megabait 10 ne, wato kaset mai minti 90 zai kai 900. Rubuta sura da shekara a sunan fayil, ka yi kwafi uku, ɗaya a wani gida. Kaset ɗin kuwa a jera su a tsaye, nesa da rana da maganaɗisun sifika.

Tambaya: Da sifirit zan wanke faifan garmahon kakana? Mai karatu daga Kawo.

Amsa: Kul! Tsohon faifai mai juyi 78 a minti da wani irin ƙaro aka yi shi, sifirit narkar da shi yake. Burushi mai laushi ya isa, kuma allurarsa daban ce, ta fi kauri.

Tambaya: In na mai da MP3 zuwa WAV murya za ta gyaru? Mai karatu daga Rigasa.

Amsa: A'a, hajiya. Abin da MP3 ya yanke ya tafi, memori kawai za ki cika. Ki nemi asalin.