Amsa: ƙara RAM da sauya Windows a tsohuwar kwamfuta don wasa

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka ta tebur tana kan Windows 7 da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB, kana tambaya ko ƙara RAM da ɗora sabon Windows zai sa ta ja wasanni. Zai taimaka, amma kada ka ruga kasuwa tukuna.

Fara sauke CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin kwamfuta, ka ga irin RAM ɗinka. RAM ɗin injin zamanin Windows 7 galibi DDR3 ne, kuma DDR4 ba zai shiga raminsa ba, don tsagar da ke ƙasan sandar RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba. Ni na taɓa sayo wanda bai dace ba a wani shago kan titin Ahmadu Bello, mai shagon ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Tun daga nan da kwamfutar nake zuwa, a saka a gabana. Sayi sanda biyu iri ɗaya, sun fi guda ɗaya gudu.

Windows kuwa dole mai 64-bit, don mai 32 ba ya ganin abin da ya haura 4GB. Steam, dandalin sayen wasannin kwamfuta, ya bar Windows 7 tun Janairun 2024. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, shi kuma 11 sai da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin inji), da wuya tsohon inji ya samu. Ni dai 10 zan ɗora, a kan SSD, wato ma'ajiyar da ta fi hard disk gudu.

Amma fa katin hoto ne ke ɗaukar nauyin wasa. Nemi katin GTX 1050 Ti na hannu, yawancinsu ba sa neman ƙarin wayar wuta. In ka buɗe murfin, hure ƙurar hunturun da ta daskare a fanka.