Atamfata na wari, in sayi durowa ko akwatin roba?

Tambaya: Anti, ina ɗinki a gida a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ɗaki ɗaya gare ni da yara biyu. Yadukan kwastomomi da nawa duk suna cikin jakunkunan Ghana mos go a ƙarƙashin gado. Makon jiya na ciro wata atamfar GTP na tarar tana warin danshi, har da ɗigo-ɗigon baƙi. Na tara 'yan kuɗi kaɗan a susu, wato adashi. Durowa zan sa kafinta ya yi mini, ko me?

Amsa: Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna. Wannan baƙin da kika gani funfuna ce, kuma danshi ke kawo ta, ba rashin durowa ba. Kumasi damina biyu gare ta, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma Satumba zuwa Nuwamba, don haka kusan duk shekara simintin ɗaki da bango suna riƙe da laima. Auduga kuwa shan ruwan iska take yi. Ko durowar kika yi, muddin kika jingina ta da bango mai tsattsafo, abin da ya samu wannan turmin zai samu sauran.

Abin da zan fara ce miki shi ne ki raba kayan da ƙasa. Bulo huɗu da katako ɗaya sun isa, ki bar kamar tafin hannu tsakaninsu da bango. Sannan ki shiga kasuwar Kejetia ki sayi akwatin roba mai murfi, wanda ake hango abin da ke ciki, guda biyu ko uku, gwargwadon ƙarfinki. Amma fa ki ji wannan da kyau: roba tana tsare danshin waje, tana kuma kulle na ciki. Kada yadi ya shiga sai ya bushe ƙayau. Ki shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin rana mai zafi tana kashe launi, in kin yi guga kuma ki bari ya huce. 'Yan ƙunshin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko jaka, aikinsu ke nan tsotse laima. Ki riƙa tara su kina jefawa ciki, nesa da hannun yara.

Kwali kam ban yarda da shi ba, kyankyaso da gara ke so. Akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana yana da ƙarko, sai dai idan ya fara tsatsa yakan bar tabo mai wuyar fita, sai an shimfiɗa tsohon zane a ciki.

Wajen ninki, ki ninke kowane turmi daidai faɗin akwatin, ki jera su a tsaye gefe da gefe, yadda za ki zaro ɗaya ba tare da kin hargitsa goma ba. Shadda da leshi ki naɗe su nannaɗewa, don layin ninki idan ya daɗe yakan zauna. Na kwastoma kuwa akwatinsa daban, da 'yar takarda mai sunan mai shi da yadi nawa ta kawo, shida ne ko sha biyu. Na sha ganin zumunci ya ɓaci gab da Sallah saboda yadi ɗaya da aka rasa inda ya shiga.

Wata kuma daga Asawase ta tambaya ko ta zuba kafur. In akwai jariri a ɗakin, ina roƙonki kada ki zuba. Waɗannan fararen ƙwallayen suna iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai har shawara ta kama su, kuma ba a gane wanda abin zai taɓa da ido. Kyankyaso sitaci da ɓurɓushin abinci yake bi. Murfi mai kamawa da share ƙarƙashin gado sun fi miki. Idan hunturu ya shigo a Disamba, ki fito da komai ya sha busasshiyar iska wuni guda, ki sauya ninki, ki mayar.