Kawu, hoton ido ne kawai aka ɗauka

Kawu, Allah ya ƙara girma. Na ga saƙonka a kan hoton da na turo na surukata tana zaune a kujerar roba, wata yarinya ta kafa mata na'ura a ido. Ka ce wane irin asibiti ne wannan a filin ƙwallon kwando, kuma likitan da bai ga mutum ba ta yaya zai san ciwonsa. Ka ƙara da cewa tun da na auri 'yar Filifin na koma yin komai irin nasu.

Ƙasar nan ta Filifin tsibirai ce sama da 7,000, likitocin ido kuwa galibinsu sun taru a Manila da manyan birane. Shinkafa sau uku a rana, lemon kwalba a kai, har taliyarsu zaƙi gare ta, ciwon suga ya yi katutu. Shi kuma suga yana cinye ƙananan jijiyoyin jini na can bayan ido ba zafi ba ƙaiƙayi, sai gani ya fara dusashewa mutum ya farga, alhali ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa ake bin mutane har unguwa, wadda suke kira barangay. Ma'aikaciyar lafiya ta ɗauki hoton cikin idon da kyamarar hannu, wani lokaci bayan an ɗiga magani ƙwayar ta buɗe, a aika ta intanet ga masu karanta hoton. Wanda idonsa ke lafiya sai baɗi. Wanda aka ga ɗigon jini ko kumburi a tura shi wurin likita, a yi masa aikin lesa (wato da na'urar haske) ko allura. Surukata an ga ɗigo a idon hagu, ita da ke zura zare a allura ba gilashi.

Maganar aure kuma, Kawu, shekara nawa za mu yi muna maimaita ta? Matata Bamaranawiya ce, wato 'yar ƙabilar Maranao, danginta mutanen birnin Marawi ne da ke kudancin ƙasar, yaƙin 2017 ya koro su Manila. Musulunci gadonsu ne. Juma'a a masallacin unguwar Kiyafo da ke Manila muke yi tare da 'yan uwanta, mahaifiyarta ma "Ina" suke ce mata, saura kaɗan ya zama Innarmu. Gaskiya ne yarana Tagalog ya fi zama a bakinsu, Hausarsu sai ka yi dariya, amma ba sa gaishe ni a tsaye. Tuwon shinkafa muke tuƙawa, kuka da daddawa duk ɗalibin da ya taho daga gida sai na ɗora masa.

Abin da ya tsaya mini a rai ranar nan Baba ne, Allah ya jiƙansa. Ka fi ni sanin yadda aka yi. Suga ya daɗe a jikinsa, da ido ya fara hazo aka ce yana ce, aka ce tsufa, aka yi ta tozali da tofi. Ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci, yana lalubar takalmi da ƙafa a bakin ƙofa. Ba wanda ya taɓa leƙa bayan idon nan sai da aiki ya riga ya gama.

Inna ma fa tana da suga. Don Allah a sa Auta ya kai ta asibitin ido, ya ce a ɗiga magani a duba har can baya, ko da ta rantse tana gani garau. Kuɗin mota da na kati zan turo ranar Litinin in Allah ya yarda.