Filin Tambaya da Amsa: Shin kayan araha za su iya ƙawata gidan da ake son sayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni da maigidana mun sa gidanmu a kasuwa, mun riga mun kwashe kayanmu zuwa inda muka koma, gidan ya zama fanko. Dillalin da ke nema mana mai saye ya ba mu shawarar mu zuba ɗan kaya a falo da ɗakin kwana kafin a ɗauki hoto a fara kawo mutane. Abin da ƙarfinmu zai kai shi ne teburin filawud, da kabad na allon MDF, da labulen akoko, da shimfiɗar igiyar rama, sannan ƙasan ɗakunan ma leda ce aka shimfiɗa. Maigidana ya ce araha ba ta ado, gara mu bar gidan yadda yake da mu zuba abin da zai zubar masa da daraja a idon mai saye. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Don Allah ki ba mu shawara. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Damuwar maigidanki tana da tushe, domin akwai kayan da idan aka zuba su a ɗaki sai su ja shi ƙasa, amma ina ganin ya ɗora laifin a inda bai dace ba. Abin da ke zubar da darajar ɗaki shi ne aikin da ba a gama da kyau ba, da datti, da kayan da ba su yi daidai da girman wurin ba, da kuma abin da ke ƙoƙarin nuna kansa a matsayin wani abin da ba shi ba. Waɗannan aibobi huɗu suna iya samun kaya masu tsada kamar yadda suke samun masu araha.

Yana da kyau ku fara tuna dalilin da ya sa ake wannan aiki. Shirya gida domin masu saye ya zama sana'a mai zaman kanta ne a Amurka, inda ake danganta farawarta ga Barb Schwarz, wata dillaliyar gidaje a jihar Washington, a shekarar 1972. Manufar ita ce a taimaki wanda ya shigo ya gane girman ɗaki da amfaninsa, ya hango kansa yana zaune a ciki. Ɗakin da babu komai a cikinsa yakan ruɗi ido, sau da yawa ma yakan yi kamar ya fi ainihinsa ƙanƙanta, saboda babu abin da mutum zai auna shi da shi. Sai ka ga mai saye ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar ko gado zai shiga, alhali gado da wadirob duk za su shiga har a sami wurin wucewa. Kayan da za ku zuba aikinsu amsa irin wannan tambaya ne. Mai saye ba zai tafi da teburinku ba, kuma a 'yan mintocin da zai yi yana zagayawa hankalinsa yana kan haske da fili da bango da tagogi.

Bari in tsaya a kan filawud, tun da shi aka fi rainawa. Ana yin sa ne da siraran yankan itace da ake mannawa ɗaya a kan ɗaya, kowane shafi jijiyarsa tana giciye da ta wanda ke ƙarƙashinsa, kuma yawanci adadin shafukan mara ne, wato 3 ko 5 ko 7. Wannan giciyen shi ya sa ba ya saurin tsagewa ko lanƙwashewa kamar falankin da aka yanko kai tsaye daga itace. Manyan masu zanen kayan ɗaki sun daɗe da gane haka. Alvar Aalto, masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Finland, ya yi wata kujera ta lanƙwasasshen filawud a farkon shekarun 1930 domin majinyatan asibitin masu tarin fuka na Paimio, kuma har yau ana ƙera ta. Charles da Ray Eames a Amurka sun fara da yi wa sojojin ruwa karan ɗori na filawud a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan suka fito da kujerunsu a 1946, waɗanda yanzu suke ajiye a gidajen adana kayan fasaha. Frank Gehry ma ya yi kujeru da kwali a farkon shekarun 1970. Ba ina cewa teburinku zai zama irin waɗannan ba ne. Abin lura shi ne dukkan mutanen nan sun bar kayan aikinsu a fili, ba su shafe filawud da zanen da zai sa a ɗauka wani itace ne mai tsada ba, sai suka mayar da ƙoƙarinsu ga siffa da kyan gamawa.

Ku ma abin da za ku yi ke nan. Ku duba gefen teburin, domin nan ne ido ke fara kama arha. Idan gefen yana da kaushi, ana ganin tsilli-tsillin itace da ramukan da suka rage tsakanin shafuka, to ku sa kafinta ya cike ramukan, ya goge da samfefa mai kaushi sannan ya bi da mai laushi, har sai tafin hannu ya wuce a kai bai ji wani abu ya karce shi ba, ya kuma ɗan kashe kaifin kusurwa. Bayan haka a shafa banish marar ƙyalli sau biyu, a bar na farko ya bushe sarai kafin a yi na biyu. Za ki ga layukan gefen, fari da ruwan ƙasa a jere, sun zama ado da kansu. Kan ƙusa da ya leƙo, da gam da ya bushe a kan katako, da ƙafar tebur da ke rawa, su ne ke sa mutum ya raina kaya, kuma gyaransu bai wuce aikin yini guda ba.

Allon MDF labarinsa daban ne kaɗan. Garin itace ne da aka cuɗa da gam aka matse da zafi, don haka fuskarsa sumul take, tana karɓar fenti fiye da yawancin katako. Rauninsa ruwa ne: da zarar danshi ya shiga ta gefen da aka yanka, sai ya kumbura kuma ba ya komawa. Saboda haka ku ajiye kabad ɗin a falo ko ɗakin kwana, kada ku kai shi banɗaki ko kusa da wurin wanke-wanke, kuma ku tabbatar an rufe gefunansa da fenti. Idan sabo ne, ku buɗe tagogi na wasu kwanaki kafin a fara kawo mutane, domin sabon allo yakan fitar da warin sinadarin da ke cikin gam ɗin, hanci kuwa yakan riga ido yanke hukunci. Idan akwai abu guda da zan ce ku ƙara wa kuɗi, to mariƙin ƙofofin kabad ɗin ne. Wurin da hannu ke taɓawa shi mutum ke tunawa, kuma mariƙin ƙarfe mai ɗan nauyi yakan canza yadda ake kallon kabad ɗin gaba ɗaya.

Labulen akoko kuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, da sharaɗin a wanke shi kafin a ɗinka, saboda auduga takan tsuke a wankin farko, sannan a goge shi sosai. Ku ɗaga sandar labulen ta kusa kai silin, ku bar ta ta zarce faɗin tagar ta kowane gefe, yadin kuma ya kai kusan ninki biyu na faɗin tagar domin ya yi tattara, ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Labule mai tsada da aka tsuke, ya tsaya a rabin bango, ba zai kama ƙafar wannan ba a hoto. Shimfiɗar rama ita ma tana da kyau, sai dai mutane sukan yi kuskuren sayen ƙarama, ta zauna a tsakiyar falo ita kaɗai. Ta kasance da faɗin da ƙafafun gaba na kujeru za su hau kanta, kuma a nisanta ta da danshi, domin rama tana shan ruwa tana yin tabo.

Inda zan tsaya tare da maigidanki shi ne wajen kayan kwaikwayo. Robar da aka shafa wa ruwan gwal, da takardar bango mai zanen bulo, da ledar tebur mai zanen dutsen mabul da ke sheƙi, da furannin roba da suka sha ƙura, duk waɗannan suna jawo ido ya zo ya gwada su da na ainihi, kuma a wannan gwaji kullum su ke faɗuwa. Illarsu ma ta wuce nan, domin mai sayen da ya gano abu ɗaya na bogi yakan fara zargin sauran gidan. Tulun yumɓu da ba a yi masa fenti ba, da kwandon saƙa, da reshen ganye ɗanye a cikin kwalbar gilashi, ba su da'awar komai, shi ya sa ido ke karɓarsu cikin sauƙi.

Ku rage yawan kaya, ku tsaya a kan launi biyu ko uku masu sanyi, ku bar hanyar wucewa da ba ta gaza santimita 75 zuwa 90 ba tsakanin kujera da tebur ko bango. Ƙwan fitilar gidan su zama iri ɗaya, masu haske mai ɗumi, waɗanda aka rubuta 2700K ko 3000K a jikin kwalinsu, saboda irin wannan haske yana fito da kyan katako da auduga, shi kuwa fari fat mai shuɗi-shuɗi yana tona duk wani ɗan aibi. Ki nuna wa maigida wannan amsa, ku gwada da falo kawai, ku ɗauki hotonsa da waya kafin a zuba kayan da bayan an zuba, daga bakin ƙofa, sannan ku yanke shawara tare.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ni mai gidajen haya ne, kuma ina so in sayar da ɗaya daga ciki. Ƙasansa ledar ɗaki ce, wasu abokaina suna cewa sai na ɓamɓare ta na sa tayil kafin in sami ciniki mai kyau. Shin dole ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Ba dole ba ne, kuma kafin ka kira mai tayil ka fara tantance wace irin leda ce da kuma halin da take ciki. Akwai linoliyam, wadda Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860, ana yin ta da man 'ya'yan filas da garin itace ko na ɓawon itacen kok a kan saƙar rama. Launinta ya ratsa har ciki, shi ya sa take daɗewa, asibitoci da makarantu ma sun daɗe suna amfani da ita. Akwai ta roba, wadda zanenta a saman fuska kawai yake. Akwai kuma laminet, falankan da ake harhaɗawa, waɗanda wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ya ƙirƙiro a 1977. Kowace daga cikinsu, idan ta kwanta lafiya, ba ta yage ba, ba ta yi kumburi ba, mahaɗarta ba ta buɗe ba, to wanki da manne gefen da ya ɗago sun wadatar. Idan kuwa ta tsufa ta ƙoƙe a hanyar da ake yawan bi, sauya ta da sabuwa mai launi ɗaya marar hayaniyar zane, kuma ka sa iri ɗaya a dukkan ɗakunan da ke haɗe da juna, domin ƙasa mai launi ɗaya tana sa gida ya yi kamar ya fi faɗi. Tayil ɗin da aka sa cikin gaggawa, layinsa a karkace, wasu suna amsa kuwwa idan an taka, ya fi leda mai tsabta ɓata ciniki. Ka kuma tuna mai saye da yawa yana da irin ƙasan da yake so a ransa, zai iya cire wanda ka kashe wa kuɗi a watan farko.

Tambaya: Malama, akwai wani bango a ɗakin kwananmu da ke tsattsafo da danshi lokacin ruwan sama, fentin wurin ya ɓaɓɓake. Tun da kin ce kaya masu sauƙi suna gyara ɗaki, zan iya jingina kabad ko in rataya babban yadi a wurin har a gama ciniki? Daga wata mai karatu.

Amsa: A'a, ƙanwata, kada ki yi haka. Shirya gida nuna kyan da yake da shi ne, rufe aibinsa kuwa algus ne, kuma a ƙasashe da dama doka ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana irin wannan lahani da ya sani, har ana iya kai shi kotu bayan an gama ciniki. Ko ta fuskar dabara ma ba zai yi miki aiki ba, domin danshi yana da wari, allon kabad ɗin zai sha ruwa ya kumbura, yadin kuma zai yi baƙin tabo cikin 'yan makonni. Ki nemi magini ya gano inda ruwan ke shigowa, ko daga rufi ne, ko bututun da ya fashe a cikin bango, ko tsagar da ke waje, ya toshe shi daga tushe. Sai a kankare fentin da ya lalace, a bar bangon ya bushe sosai, wanda yakan ɗauki makonni, sannan a yi sabon shafe da fenti marar ƙyalli. Idan babu halin gyaran yanzu, ki bar wurin a buɗe, ki gaya wa dillali da duk mai sayen da ya zo, a rage kuɗin gyaran daga farashin gidan.