Maigida ya ce in sayar da gwal ɗina a ƙarasa gini: in ce mu rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni malamar makaranta ce a Gombe, mu biyu ne a wurin maigida. Yana gini a Tumfure, kuɗi ya yanke masa a kan linta, sai ya ce in sayar da sarƙata da awarwarona na gwal, in haɗa da kwasar adashina a yi rufi. Takardar filin sunansa kaɗai ke kai. Wallahi ina son taimaka masa, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Da na ce ko mu rubuta, yayata ta ce ai gidan 'ya'yanki ne, kuma rubutu tsakanin mata da miji rashin yarda ne. Ko barci ba na iya yi.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, tunda gwal ɗin yana hannunki ba ki makara ba. Kin san ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji suke, dukiyarki kuma taki ce. Abin da za ki sa a ginin nan ɗayan uku ne: kyauta, ko rance, ko tarayya a mallaka. Rigima tana tasowa ne idan ke a ranki rance ne, shi kuma a ransa kyauta ce, kuma babu wanda ya furta.

Maganar yayarki ce ta fi damuna, don kusan kullum sai na ji ta a ofis, daga bakin matan da suka gama takaba suka zo da ledar takardu babu ko ɗaya mai sunansu. Wa ya ce rubutu rashin yarda ne? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware ma'aurata ba. Amma sai ki ji masu wa'azin TikTok da ƙawayen biki suna cewa mace tagari ba ta lissafi da mijinta. Ranar rabon gado ba za ki ga ko ɗayansu a zauren ba.

Rubutun nan ba don mijinki za ki yi shi ba. Shi ya san abin da kika ba shi. Don ranar da ba ya nan ne, ranar da 'yan'uwansa da abokiyar zamanki da 'ya'yanta za su zauna, kowa da haƙƙinsa na halal. Alƙali ba ya hukunci da hawaye. Hujja a kan mai da'awa take. Mu ƙaddara gidan ya kai naira miliyan 16, ke kin zuba miliyan 3. In babu shaida, gidan duka ya shiga gado. Tumunin mata miliyan 2 ne, ku biyu ku raba, ki tashi da miliyan 1. In akwai rubutu, bashi ake fara cirewa kafin rabo, kamar yadda aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta tsara: a miƙa miki miliyan 3 ɗinki, sannan ki karɓi rabonki a cikin ragowar. Batun "gidan 'ya'yanki ne" kuwa, gidan 'ya'yansa ne duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. To in saki ne ya gitta fa, Allah ya kiyaye?

Akwai kuma abin da mata da yawa ba sa lura da shi. In kika sayar da gwal kika ba da rancen naira, naira za a mayar miki daidai adadinta, ƙari riba ne, wato kuɗin ruwa, ko da shekara goma ta wuce kuɗin ya zama ba ya sayen ɗan kunne. Saboda haka ki je wurin masu gwal a auna, a rubuta nauyinsa giram nawa da irinsa, ki ba shi gwal ɗin a matsayin rance, ya sayar da kansa, ya biya ki da gwal. Ni dai na fi son tarayya: a ƙiyasta abin da kowa ya zuba, a rubuta kasonki a gidan, shaidu biyu adalai su sa hannu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kowa ya riƙe kwafi. Kuɗin adashin kuma ki tura masa ta banki, kada ki damƙa a hannu. Sa sunanki a takardar mallaka sai an bi ta GOGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Gombe, kuma aikin ofis sai haƙuri da "dawo gobe", don haka kada ki jira shi. Ku fara da yarjejeniyar hannu yau, lauya ya duba ta.

In kuwa kin zaɓi kyauta da zuciya ɗaya, babu laifi. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud an yi mata albishir da lada biyu kan ciyar da mijinta, na sadaka da na zumunta. Amma kada ki ba da abin da za ki yi kuka a kansa, kuma kada ki kwashe komai. Ki bar abin da zai riƙe ki in ciwo ya zo tsakar dare.

Ki same shi ku kaɗai, bayan ya ci abinci, ba a gaban yara ba. Ki ce, "Maigida, ina so in sauke maka nauyi ne, kada bashina ya bi ka kabari ba wanda ya sani." Ku kuma maza masu karanta wannan, ku ji tsoron Allah. Ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, kuma gwal ɗin matarka ba ya cikin abin da aka yafe maka don kun haɗa shimfiɗa. Kai ya kamata ka ɗauko biro da takarda tun kafin ta buɗe baki.