Boltina sun tsinke bayan an yi musu ruwan tutiya: jabu ne, sanyin Jos ne, ko hannu aka sa min?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina ƙera injunan fasa dutse da na niƙa a Dilimi, nan Jos. Wani kwastoma ya yi ƙorafin cewa baƙaƙen boltin da nake ɗaure gidan boris da su suna tsatsa da damina. Sai na sayi guda 40, M16 (masu kaurin milimita 16) masu lambar ƙarfi 12.9, na kai wa mai ruwan tutiya. Suka dawo suna ƙyalli, launin ruwan ɗorawa, gwanin sha'awa. Ranar Alhamis na ɗaure 16 a jikin sabon inji, ko tayar da shi ba a yi ba. Asabar da safe na tarar da kawuna biyar a ƙasa kamar an sare su. Mai ruwan ya ce boltin jabu ne, mai kanti ya ce sanyin dare ne, yarana kuma sun ce hannu aka sa min. Abin da ya hana ni barci shi ne, takwas daga cikinsu suna jikin wani injin da na riga na kai wa mai shi a Bukuru. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye karatun nan tukuna, ka kira mutumin Bukuru ka ce a kashe injin, kada a sake tayar da shi sai ka je da kanka ka cire takwas ɗin nan. Injin fasa dutse yana juya ƙaton wilin ƙarfe ne a kan shaf, kuma gidan boris ne kaɗai ke riƙe da shi. In ya kuɓuce yana cikin gudu, ba maganar asarar kuɗi za a yi ba. Sha ɗayan da suka rage a jikin injin shagonka ma ka kwance su, ka zuba cikin kwandon bola. Kada ka ce ai waɗannan sun jure. Ba su jure ba, lokacinsu ne bai yi ba.

To, ba hannun kowa a ciki, kuma sanyin Jos, ko na tsakiyar hunturu, bai kai ya fasa ƙarfe irin wannan ba. Maganar jabu kuwa, akasinta ma ya fi kusa da gaskiya. Da boltin nan na ƙarfe mai laushi ne aka buga masa 12.9 na ƙarya, da tun kana ɗaurewa zai miƙe ko tiredinsa ya cinye, kuma ruwan tutiya ba zai yi masa komai ba. Yadda suka jira kwana biyu sannan suka tsinke su kaɗai, alama ce ta cewa taurinsu na gaske ne.

Ɗauki kai ɗaya daga cikin biyar ɗin ka duba a rana. Za ka ga a gindin kai ya rabu, daidai kwanar da kai ya haɗu da jiki, ko a tiredin farko da ya ɗauki nauyi. Ba za ka ga inda ya sirance kamar alewar da aka ja ba. Fuskar karayar a miƙe take, kuma ta gefe, inda tsagar ta faro, tana da ƙwayoyi masu walƙiya kamar an gutsura sukari mai ƙanƙara. In bolti ya karye don an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, wuyansa sirancewa yake yi, fuskar ta yi toka-toka. Naka kuwa haidurojin ne, wani sinadari mai kamar iska, ya ci shi.

Ta wurare biyu yake shiga. Na farko wajen wanki: kafin tutiya ta kama, sai an tsoma ƙarfe a asid an cire baƙin da ke jikinsa, kuma baƙin bolti mai mai yakan yi taurin kai, sai mai aikin ya bar shi ya jiƙa ya tafi sallah. Duk kumfar da ke tashi a lokacin haidurojin ce. Na biyu cikin bahon ruwan kansa, domin ba duk wutar da aka saki ke ɗora tutiya ba, wani kaso ruwa yake fasawa. Ƙwayar haidurojin ita ce mafi ƙanƙanta a cikin sinadarai, tana ratsa ƙarfe, sannan tutiya ta zo ta rufe ƙofa a bayanta. Muddin boltin yana kwance cikin kwali, babu abin da za ka gani. Ranar da ka ɗaure shi, sai ta fara tattaki zuwa inda jan ya fi tsanani, ta taru, ta buɗe 'yar tsaga, ta matsa gaba, ta sake buɗewa. Tafiyar nan ce ke cin awoyi ko kwanaki. Kuma ba sabon ilimi ba ne: tun 1875 wani Bature ɗan Ingila, W. H. Johnson, ya rubuta yadda waya ke yin gautsi in an tsoma ta a asid.

Yanzu bari in zo kan abin da ya kai ka ga wannan, don ba kai kaɗai ba ne, kusan kullum sai an ji shi daga bakin makanikai da masu walda: wai ruwa yana ƙara wa ƙarfe ƙarfi. "A yi masa kurom ya yi ƙwari." "A wanke shi ya koma sabo." Wa ya faɗa muku? Ruwan tutiya na lantarki kaurinsa maikuron 5 zuwa 25 ne (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), gashin kanka ya ninka maikuron 5 ɗin sau goma. Kurom na ado, irin na salansar babur, bai kai maikuron ɗaya ba, nikel ɗin da ke ƙarƙashinsa ne ke yin aikin. Ta yaya abin da bai kai fatar albasa ba zai ƙara wa shaf mai kaurin hannu ƙarfi? Aikin ruwa kare fuska ne, daga tsatsa ko daga gogayya, shi ke nan. Ƙarfin ɗaukar kaya kuwa, in an yi aikin da kyau a bar maka shi yadda yake, in an yi ha'inci a rage maka. Ko kurom mai tauri, wanda ake yi wa sandar haidurolik ta tifa da katafila, mai kaurin maikuron 20 zuwa ɗaruruwa da taurin 800 zuwa 1000 HV (ma'aunin taurin ƙarfe), cike yake da ƙananan tsagogi, kuma yana rage juriyar ƙarfen da ke lanƙwasawa yana miƙewa. Bahonsa ma ya fi kowanne fitar da haidurojin, domin abin da ke zama kurom cikin wutar da aka saki bai cika wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Amma sai ka ga saurayi ya kwance boltin taya da sifirin na babur ya kai a yi musu kurom don gayu, kuma a samu wanda zai karɓa ba tare da tambaya ɗaya ba.

Ƙanwar wannan fahimta ita ce wai ƙyalli shi ne shaidar aiki. Ƙyalli sinadari ne ake ɗigawa a baho. Maikuron 3 yana iya fin maikuron 15 walƙiya, kuma ruwan tutiya mai sheƙi sosai ya fi matse haidurojin a ciki. Ruwan ɗorawar da ya burge ka kuma wani siririn rufi ne na kuromet da ake tsomawa a ƙarshe don tutiyar ta daɗe ba ta yi farin gari ba, ba ruwansa da abin da ke faruwa a cikin ƙarfen.

Sai ta uku, wadda ta fi kama masu ƙira irinku: wai duk inda lamba ta fi girma nan alheri yake. Bolti 8.8 taurinsa 22 zuwa 32 HRC ne (shi ma ma'aunin tauri ne) a girman M16, kuma haidurojin na ruwan tutiya ba ya cika damunsa. 10.9 yana tsakanin 32 da 39, a nan ake fara taka-tsantsan. 12.9 kuwa 39 zuwa 44 ne, shi ne abincinsa. Ƙa'idar ISO 4042, wadda ta shafi yi wa bolti ruwa da lantarki, ta ja layi a 390 HV, kusan 39 HRC ke nan: abin da ya haura nan sai an gasa. Ba banza ba ne kake ganin boltin alanki 12.9 yana zuwa baƙi da ɗan mai, ba rowar tutiya masu kamfanin suka yi ba. Sifirin, wosha mai sifirin, sakilif da sukurun da ke huda kwano da kansa duk gidansu ɗaya da shi.

Gashin da ake magana ba abu ne mai wuya ba, shi ya sa ƙin yin sa ke ba da haushi. Tanda ce ta lantarki mai ma'aunin zafi, a riƙe ta tsakanin digiri 190 zuwa 220, awa 8 zuwa 24 gwargwadon taurin ƙarfen da kaurin ruwan. Ana fara ƙidaya ne daga lokacin da kayan suka ɗauki zafin, ba daga rufe ƙofa ba. A shigar da su da wuri, ƙa'idar da aka saba bi ita ce cikin awa huɗu da fitowa daga baho. Kuma kafin kuromet ake yi, don zafin yana busar da shi ya farfashe. Saboda haka in mai ruwa ya ce maka ya gasa, tambaye shi kafin launi ko bayan launi. In ya tsaya yana sosa ƙeya ka samu amsarka. Zafin nan ba ya taɓa ƙwarin boltin, tun da a kamfani an horar da shi a digiri 380 ko sama. Matsalarmu a nan wuta ce: tanda mai awa goma tana nufin janareta mai awa goma, kuma wanda ya karɓi aikinka a kuɗin wankin hannun ƙofa bai sa dizal a lissafi ba.

Kada kuma wani ya ce zai "fitar da iskar" da wutar gas ɗin walda. Harshen wuta ba shi da ma'auni. Tutiya tana narkewa a kusan digiri 420, hayaƙinta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma da ƙarfen ya fara sauya launi ka lalata horon da aka yi masa. Shanyawa a rana da tafasawa cikin baƙin mai su ma wasan yara ne. Gashi kuma ba ya ɗinke tsagar da ta riga ta buɗe, shi ya sa na ce duk wanda ya taɓa ɗauruwa a jefar.

In kana ganin wannan ciwon ƙananan shaguna ne: a watan Maris na 2013, a sabuwar gadar San Francisco zuwa Oakland a Amurka, manyan sandunan ɗauri 32 cikin 96 suka tsinke cikin kusan mako biyu da ɗaure su. Ƙarfe ne mai tauri, mai rufin tutiya, kuma haidurojin aka kama da laifi.

Mafita mafi sauƙi gare ka ita ce ka bar 12.9 in ba dole ba. M16 mai 12.9 yana tsinkewa ne a wajen tan 19 da rabi. M20 mai 8.8 yana kaiwa wajen tan 20 da rabi, kuma nauyin da kowannensu ke ɗauka ba tare da ya miƙe ba kusan kunnen doki ne. In gidan boris yana da naman da za a buɗe raminsa zuwa milimita 22, ka koma M20 mai 8.8 wanda ya zo da tutiyarsa daga kamfani, ka huta. In wurin ba zai ba da dama ba, ka bar 12.9 ɗin a baƙinsa, ka shafa giris a tiredi, bayan ɗauri ka goge kai da noti ka yi musu fenti mai ɗauke da tutiya. Akwai kuma masu zuwa da rufin garin tutiya da alminiyom, launin toka mara sheƙi, irin su Geomet. Ba a sa musu lantarki, ba a wanke su da asid, shi ya sa kamfanonin mota ke amfani da su a bolti masu tauri. Galbanaiz na tsomawa cikin narkakkiyar tutiya mai digiri 450 ya dace da firam da ƙafafun inji, yana ba da maikuron 45 zuwa 85, amma ba a yi wa 12.9 shi.

Jos ba Legas ba ce, babu gishirin teku a iskarmu. Damina ce daga Afrilu zuwa Oktoba, sai ƙurar dutse mai cin fuska. Maikuron 8 ya ishi abin da ke ƙarƙashin rumfa, 12 zuwa sama ga wanda ruwa ke duka. Ka tuna duk maikuron ɗaya da aka ɗora yana ƙara wa faɗin tiredi huɗu, don haka maikuron 25 a kan ƙaramin bolti yana iya hana noti shiga. In ka ga mai ruwa yana bin tiredi da dayis bayan ya gama, ya kankare abin da ka biya ne.

Ranar da ya zama dole a yi wa abu mai tauri ruwa, rubuta a takarda, kada ka faɗa da baki: lambar ƙarfe ko taurinsa, kaurin ruwa da maikuron, a share baƙin da yashi maimakon dogon jiƙo a asid, zafin gashi da awoyinsa, da lokacin shiga tanda da na fita. Wanda ya ce bai taɓa jin gashi ba, ba shi hannun ƙofa da ƙarfen labule, a nan gwanintarsa take. In kana shakkar taurin kayan da ka saya, cibiyar binciken ƙarafa ta tarayya, NMDC, a nan Jos take, ka tuntuɓe su kan awon tauri.

Da kayan sun dawo, kada su wuce kai tsaye jikin inji. Samu farantin ƙarfe mai kauri, ka huda, ka ɗaure biyar zuwa goma daga cikinsu da sifana mai awo, daidai ƙarfin da za su yi aiki da shi. Bayan awa 24 ka sake bin su da sifanar, ka bar su su cika awa 48, sannan ka kwance ka duba gindin kai da madubin ƙara girma. Ɗaya ya tsage, duka sun faɗi. Ka lura kuma ruwa da mai suna sauya santsin tiredi: ƙarfin hannun da ya yi daidai a busasshen bolti yana iya wuce kima a mai santsi, balle in yaro ya zura bututu a sifana ya hau kai.

Sha shidan da ke cikin kwali ba su taɓa ɗauruwa ba, amma sun kwana biyu da haidurojin a ciki, kuma kuɗin cire ruwan da asid, a gasa, a sake gwadawa ya fi kuɗin sabbi. Ka yanka su da garanda kafin ka zubar, don kada yaran shago su tsince su su ɗaure wa wani tayar amalanke ko ta mota.